Hadarin da ke Zuwa ta Bayan Dutse

Mu da muka taso a ƙasar Katsina, Kano, Daura, Zamfara ko Maraɗi, mun san hadari tun yana ƙarami. In rana ta yi zafi har ta kai la'asar, mutum ya waiga gabas, sai ya hango baƙi ya taru can gindin sama. Daga ganinsa zuwa saukarsa akwai tazara. Mata su kwashe shanya, a koro awaki, a aiki yaro ya kira ƙannensa daga makarantar allo, mai tebur ya rufe kayansa da leda. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ido na kai wa inda ya ga dama. Tsofaffinmu ba su da waya ba su da rediyo, amma da wuya hadari ya shammace su.

Da neman abinci ya kawo mu Abuja muka zauna nan Dutsen Alhaji, mun zo da wannan ido namu, sai muka tarar ba shi da aiki. Gabas ɗinmu dutse ne. Ka waiga inda ka saba waigawa, duwatsun wajen Ushafa da Mpape ne suka tare maka sama. Hadari yakan gama shirinsa a bayansu, kafin ya leƙo ya riga ya iso. Shekara da shekaru muna cewa ruwan Abuja ba shi da kunya, ba ya sallama. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi dalili ba sai bara.

Farkon daminar bara ne, bayan la'asar, yara na Islamiyya. Garin ya yi zafi ƙwarai, ko ganye ba ya motsi. Wani daga cikinmu ya duba wayarsa ya ga hoton rana da ɗan girgije, ya ce yau ba ruwa. Ba a jima ba wata iska mai sanyi ta faɗo daga kan dutse ɗauke da ƙura da ledoji. Kafin malamai su tara yara wuri guda, ta ɗage rufin aji biyu. Kwano ɗaya ya yanki wani yaro a damtse, sai da aka yi masa ɗinki. Rumfar mai shayi ta tashi, turken wuta ya kwanta a kan hanya. Da ruwan ya sauko kuma, bai fi minti arba'in ba, amma gidajen da ke bakin kwari sai da aka riƙa kwarfe shi da bokiti har bayan isha'i. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Washegari wasunmu da ke aiki a Wuse suka ba abokan aikinsu labari, aka ce musu a can ko yayyafi ba a yi ba.

Abin da ya sa muke rubuta wannan shi ne kunyar da muka ji. Wata uku kafin wannan rana, 'yar wani maƙwabcinmu mai sayar da katako a Dei-Dei ta zaga gidaje tana neman alfarma. Tana digiri na biyu a fannin nazarin yanayi, bincikenta kuma a kan yadda duwatsu ke sauya hadari ne. Ta roƙi a bar ta ta kafa ma'aunin ruwan sama a tsakar gida, wani ɗan bututu mai baki kamar mazurari, a riƙa duba shi kowace safiya ana rubutawa. Wallahi dariya muka yi mata. Wani ya ce, “Yanzu ruwan Allah ne za ki auna da kwalba?” Wani ya ce da kuɗin makarantar nan ubanta ya ƙara jari da ya fi. Gida biyu kacal suka yarda, ɗaya can sama kusa da dutse, ɗaya a bakin titi.

Bayan ɓarnar, mai unguwa ya sa aka kira ta zaure tare da mahaifinta. Ya ce, “'Yata, an ce karatun hadari kike yi. Mu dai mun ga abin da ya fi ƙarfinmu. Me ya sa wayoyin nan suka ce ba ruwa?” Ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, “Ranka ya daɗe, wayar ba ta san da dutsen nan ba.” Aka yi dariya, amma wannan karon ba ta raini ba ce. Abin da ta faɗa mana a ranar, da abin da muka ƙara fahimta daga baya, shi muke son mu ajiye a nan, don wanda bai halarta ba.

Da farko, hadarinmu ba a kanmu ake haifarsa ba. A damina iska mai laima tana tasowa daga tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, tana bin ƙasa-ƙasa. In ta ci karo da tudu dole ta hau. Da rana kuma jikin dutse yakan yi zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi, sai ya ƙara tura ta sama. Iska in ta hau sai ta yi sanyi, laimar da ke cikinta ta zama girgije, girgijen ya yi ta tsawo har ya wuce kilomita 12. Saboda haka tuddai su ne wurin haihuwar hadari. Masana sun daɗe da gano cewa manyan hadarurrukan Afirka ta Yamma sukan fara ne a tsaunukan Habasha, da Darfur, da Kamaru, da Azbin ta Nijar, da kuma tudun Jos. Tudun Jos yana da tsayin kusan mita 1,280 daga bakin teku, duwatsun Shere da ke kansa sun kai mita 1,829, ga shi kuma gabas da mu.

Can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ita ce ke kwaso hadarin ta jera shi sahu guda, wani lokaci tsawon ɗaruruwan kilomitoci, ta tura shi yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a awa. Shi ya sa kakanninmu suke duban gabas. Ba su yi kuskure ba ko kaɗan. Daga Jos zuwa Abuja a miƙe bai cika kilomita 200 ba. Hadarin da ya haɗu a can da azahar, in bai mutu a hanya ba, yana iya yi mana sallama tsakanin la'asar da magariba, ko cikin dare.

Ita kuwa iskar da ta ɗage mana rufi, daga cikin hadarin take fitowa. In ruwa ya fara zuba a cikin girgije, yakan sanyaya iska ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi, sannan ta bazu gaba kamar an kife bokitin ruwa a daɓe. Ita ce sanyin nan da ake ji kafin ɗigon farko. Takan fi muni a farkon damina da ƙarshenta. Duk Bahaushen da ya mallaki hankalinsa a 2006 ya san abin da irin wannan iska ke iya yi. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba na shekarar, jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya tashi daga filin jirgin Abuja cikin hadari, ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Binciken da aka yi ya nuna jirgin ya shiga iskar hadari mai sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya. Iskar da ta iya kayar da jirgi, ina ga kwanon da aka kama da ƙusa huɗu? A wurinmu kuma akwai ƙari: in ta iso ta tarar da duwatsu, sai ta matse ta bi ta tsakaninsu, kamar yadda ruwa ke ƙara gudu in ya shiga ƙaramin kwalbati. Unguwar da ke bakin irin wannan rata ita ke shan duka.

Ruwan ma haka. A Katsina in an yi ruwa, yashi ne ke fara sha. Nan dutse ba ya shan komai. Abin da ya zuba a kansa gaba ɗaya gangarowa yake, cikin 'yan mintoci. Yarinyar ta yi mana wani lissafi da ya tsaya mana a rai. In aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin lita 1 ta zuba a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Rufin gida mai mita 10 sau 10, in aka yi ruwa milimita 50, ya karɓi lita 5,000, wato jarka 200 ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Rufi ɗaya ke nan. To a ƙiyasta jikin dutse guda, a kuma tuna cewa hanyar da ruwan ya saba bi mun gina ɗakunan haya a kanta, sauran kuma mun cika ta da shara. Abin da muke ji yana faruwa a Lokogoma, Galadimawa da Lugbe kusan duk damina, ba wani abu ne daban da namu ba.

Sai maganar waya. Hasashen da ke cikinta yawanci daga manyan kwamfutoci na Turai da Amurka yake fitowa. Su kan raba duniya gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 9 zuwa 13, ko fiye, su yi wa kowane gida lissafi ɗaya. A cikin gida ɗaya irin wannan, dutsen da ke bayanmu da kwarin da ke gabanmu da titin Kubwa duk an haɗa su an daidaita. Dutsen Zuma da ya tashi kusan mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi, da Aso mai kusan mita 400, a idon kwamfutar ɗan tudu ne da bai kai a kula ba. Girgijen hadari kansa a farkonsa bai kai faɗin gida ɗaya ba, don haka kwamfutar ba ta ganinsa, ƙiyasi take yi. A 2018 wasu masu bincike a Karlsruhe ta Jamus sun gwada hasashen ruwan sama na waɗannan kwamfutoci a yankinmu na Afirka, suka tarar da kyar yake fin na wanda ya duba tarihin ruwan shekarun baya kawai ya yanke hukunci. Ashe ba wayar mutum ɗaya ce ta lalace ba.

Wani dattijo ya tambaye ta, to Turawan da suka je wata, me ya hana su gyara? Ta ce, “Baba, kwamfuta sai an nuna mata inda ta yi kuskure take gyaruwa, mu kuma ba mu da abin nunawa.” Hukumar kula da yanayi ta duniya ta ce tashoshin auna yanayi da ke Afirka kusan kashi ɗaya cikin takwas ne na mafi ƙarancin abin da ya kamata. Hukumarmu ta NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, hedikwatarta na nan Abuja, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara da na kwana uku-uku a kai a kai. Amma in hasashe ya ce za a yi tsawa da ruwa a Babban Birnin Tarayya da yamma, bai faɗa maka Gwagwalada ce ko Bwari ba, balle ya ce gefen dutse ko bayansa. Ma'aunin da ke filin jirgi ba zai ba da labarin abin da ya zuba a Dutsen Alhaji ba.

A nan ta buɗe littafinta ta nuna mana abin da gidaje biyun nan suka rubuta ranar ɓarnar. Na kusa da dutse ya kusa cika, na bakin titi bai kai rabinsa ba, alhali tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Ta ce wannan bambanci shi ne bincikenta gaba ɗaya. Tana gudanar da lissafin kwamfuta mai ƙananan gidaje, wanda ke iya ganin dutse a matsayin dutse, tana son ta san ko zai nuna ruwan a inda ya zuba da lokacin da ya zuba. Da ma'auni biyu ba za ta iya cewa komai ba. Zaure ya yi tsit. Kowa ya tuna amsar da ya ba ta a ƙofar gidansa.

Ba ita kaɗai ke wannan nema ba. A jami'ar fasaha ta Akure akwai shirin digiri na uku kan yanayin Afirka ta Yamma, ƙarƙashin WASCAL, inda ɗalibai daga ƙasashen yankin ke haɗuwa. A Yamai akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD. A 2017 aka fara wani shiri mai suna African SWIFT, wanda jami'ar Leeds ta Ingila ta jagoranta tare da NiMet da jami'ar Akure da takwarorinsu na Gana, Senegal da Kenya. Abin da suka fi ba wa ƙarfi shi ne hasashen kurkusa: maimakon a ce gobe za a yi ruwa, sai a duba hoton tauraron ɗan'adam a ga hadarin da ya riga ya haɗu, a auna gudunsa, a ce nan da awa biyu ko uku zai kai wuri kaza. Taurarin Meteosat na ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 kuma duk minti 10, har da na'urar ganin walƙiya. In ka duba da kyau, abin da kakanmu ke yi a bayan gari ne, sai dai wannan idon yana sama, dutse ba ya tare shi. Akwai kuma dalilin gaggawa: wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa mafi tsananin hadarurrukan yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Ba za mu ɓoye ba, akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta ba, suna ganin faɗin abin da zai faru gobe shiga hurumin gaibu ne. Aka kai maganar gun liman. Ya tambayi yarinyar, “Kina cewa tabbas za a yi ruwa?” Ta ce, “Allah ya gafarta Malam, a'a. Cewa muke ga alama, ga kuma yawan yiwuwarsa.” Ya ce to manomin da ya ga hadari a gabas ya ce wa ɗansa ya kwance saniya, ba wanda ya taɓa kiransa boka, ganin alama daban, da'awar sanin gaibu daban, saukar da ruwa kuwa na Allah ne shi kaɗai. Da ma Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Daga nan gardamar ta mutu.

Yanzu gidaje da dama sun karɓi ma'aunin, kuma gaskiya mata ne suka riƙe aikin. Su ke gida da safe, su ke duba bututun a lokaci guda kullum, su rubuta, su zubar. In ba a yi ruwa ba ma sai an rubuta sifiri, don ta ce ranar da ba a rubuta komai ba ta fi ranar fari ɓata mata lissafi. Wata gwaggo da ba ta yi boko ba jikarta ke rubuta mata, amma ita ke tsare ma'aunin daga awaki da yara, kuma ita ce ba ta taɓa tsallake rana ba. Mun kuma buɗe wani zaure a WhatsApp muka sa 'yan uwanmu da ke gabas da mu: masu shago a Keffi da Akwanga, wani mahauci a Kafanchan, da direbobin da ke bin hanyar Jos. Duk wanda hadari ya wuce ta kansa sai ya aiko da murya, ya faɗi lokaci da ƙarfin iskar. Ita kuma in tana da hali ta duba hoton tauraro ta ƙara mana bayani. Da haka muka dawo da gabas ɗin da dutse ya ƙwace mana, ko da ba duka ba.

Abin bai zama daidai kullum ba. Akwai ranar da saƙo ya zo daga Akwanga cewa ga hadari nan baƙi ƙirin, aka sallami yaran Islamiyya tun kafin lokaci, masu tebur suka kwashe kaya, sai hadarin ya karkata kudu ya bar mu da zafi. An yi gunaguni sosai, mai ƙosai ta ce a biya ta cinikin yammar. Akwai kuma daren da hadari ya haɗu a nan kan duwatsunmu, ba wanda ya gan shi a gabas balle ya faɗa mana. Muka tambaye ta, ta ce irin wannan shi ne mafi wuya, shi ne kuma dalilin da ya sa take son littattafan nan su cika shekara uku ko huɗu, ko da ita ta gama wani ya ɗora. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, mun sani. Amma da muka auna asarar darasin yamma ɗaya da ɗinkin da aka yi wa yaron nan, iyaye suka ce a ci gaba da sallamar yara in gargaɗi ya zo.

Damina na ƙaratowa, don haka ga roƙonmu. Ana neman ƙarin gidaje, musamman na layin da ke hawa dutse da na bakin kwari, waɗanda ke da ɗan fili nesa da indararo da bishiya. Mai so ya sanar da mai unguwa. Wanda ke da ɗan uwa a Keffi, Akwanga, Kafanchan ko Jos, ya sa a shigar da shi zauren. Masu gidajen haya su kira kafinta ya duba katakon rufi ya ɗaure shi da bango tun yanzu, kada a jira sai iska ta gwada. Matasa kuma an sa Asabar ta farkon wata don yashe kwalbatoci, za a fara daga bayan masallaci. In sanyin nan ya bugo ba zato, a shigar da yara ɗaki, kada kowa ya fake ƙarƙashin bishiya ko turken wuta, kada kuma a tsallaka ruwa mai gudu ko da iyakarsa gwiwa.

Ita kuwa 'yarmu, mun riga mun ba ta haƙuri a zaure, muna kuma maimaitawa a nan. Allah ya ba ta sa'ar kammalawa, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin iska da ambaliya. Amin.